Dala 3,000 ta aiki da karatu a takardar tallafi: mece ce ita, wa kuma ya cancanta?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, birnin New York, ina tuƙin tasi. 'Yata ta fari, wadda aka haifa a nan, ta samu gurbi a jami'a. A takardar tallafin da aka aiko mata an rubuta Pell, da bashin gwamnati, da wani abu wai shi Federal Work-Study, dala 3,000. Da takardar biyan kuɗin makaranta ta zo sai na ga ba a cire 3,000 ɗin ba. Shin bashi ne ko kyauta? Wani abokina ya ce in ta kama aiki a shago za a rage mata tallafi, gaskiya ne? Sannan ɗan ƙanena da ya zo daga Kano da bizar ɗalibi ya je nema, an ce masa ba shi da dama. Me ya bambanta su? Yana so ya riƙa kai wa mutane abinci a kan keke kafin abubuwa su daidaita."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a karatun yarinya, ya raya maka sauran. Tambayarka uku ce a dunƙule: mece ce wannan 3,000, ko aiki zai taɓa tallafin yarinyar, da kuma dalilin da ya sa aka rufe wa ɗan ƙanenka ƙofar da aka buɗe mata. Na yi shekaru ina aiki a ofishin tallafin ɗalibai na wata jami'a a nan Amurka, kuma kusan kowane watan Agusta sai wani uba ko uwa sun zo da takardu biyu a hannu kamar yadda ka kwatanta, suna zaton an yi kuskure a lissafi. Ba a yi kuskure ba.

Ba bashi ba ce, ba kuma kyauta ba

Wannan 3,000 ta Federal Work-Study, wato shirin aiki da karatu, albashi ce da ba a riga an yi aikinta ba. Abin da takardar ke cewa shi ne: idan 'yarka ta nemi aiki a cikin ayyukan da ke ƙarƙashin shirin, aka ɗauke ta, ta yi awanninta, za a riƙa biyanta har kuɗin su kai 3,000 a wannan shekarar karatu. In ba ta nemi aikin ba, ko sisi ba za ta gani ba. In ta yi rabin awannin, rabin kuɗin za ta samu, ragowar kuma ba ya bin ta zuwa baɗi. Shi ya sa ofishin karɓar kuɗi bai cire ta daga abin da ake binku ba, domin ranar da ake son ku biya, yarinyar ba ta yi aikin ko awa ɗaya ba.

Na san abin da ke damun yawancin iyayenmu idan sun ga jerin nan shi ne maganar kuɗin ruwa. To, ka kwantar da hankalinka game da wannan layin. Guminta ne, babu wanda zai biyo ta bashi, babu ruwa a kai. Pell ma kyauta ce, wadda mafi yawanta ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026. Layin bashin shi ne wanda za ku zauna ku yi shawara a kai, kuma ba dole ba ne ku karɓa don an rubuta shi. Kuna iya ƙin bashin, ku karɓi sauran biyun.

Shirin ya daɗe. An kafa shi a 1964 a cikin dokokin yaƙi da talauci na zamanin Shugaba Lyndon Johnson, aka mayar da shi ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi ta 1965. Gwamnatin tarayya tana ware masa kimanin dala biliyan 1.2 a shekara a 'yan shekarun nan, amma ba ɗalibi take ba kai tsaye ba. Makarantu take raba wa, kowace da kasonta, ita kuma makaranta ta zaɓi waɗanda za ta ba. A yawancin ayyuka gwamnati ke biyan har kashi 75 cikin ɗari na albashin, wurin aikin ya cika sauran. Ka riƙe wannan lissafin, domin zai dawo idan mun zo kan ɗan ƙanenka.

Nan ne shirin ya bambanta da Pell. Duk ɗalibin da ya cika sharuɗɗan Pell zai samu, ko su miliyan nawa ne. Kuɗin aiki da karatu kuwa tukunya ce mai iyaka, in ta ƙare ta ƙare. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake rabon: ƙa'idar tana fifita makarantun da suka daɗe a cikin shirin da masu tsadar kuɗin makaranta, ta yadda ƙananan kwalejojin shekara biyu, inda 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa, sukan samu kason da bai kai buƙatarsu ba. Saboda haka ganin wannan layin a takardar 'yarka sa'a ce. Akwai ɗalibai da yawa da suka fi ta buƙata waɗanda ba su samu ba.

Bari mu yi lissafin awanni. Doka ta ce ba za a biya ƙasa da mafi ƙarancin albashi na tarayya ba, wato dala 7.25 a awa, wanda bai motsa ba tun 2009, kuma in na jiha ko na birni ya fi haka, shi ake bi. A birnin New York ya kai dala 16.50 a 2025. Ka raba 3,000 da 16.50, za ka samu awa 180 da 'yan kai. Zangon karatu biyu kusan mako 30 ne. Ka ga awa shida ke nan a mako, kimanin dala ɗari. Ba kuɗin da zai biya haya ba ne. Kuɗin jirgin ƙasa ne, da littattafai, da abincin rana, da katin waya. Dole a biya ta aƙalla sau ɗaya a wata, yawancin makarantu ma duk mako biyu suke biya, kuma a hannunta ko asusunta kuɗin ke shiga, sai in ita ce ta rubuta cewa a riƙa zuba su a kuɗin makaranta.

Wanda ya cancanta

Ƙofar shiga ɗaya ce, wato FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, wadda ake cikewa kyauta kowace shekara, kuma bisa al'ada ana buɗe ta ranar 1 ga Oktoba. Daga bayanan harajinku ake fitar da wata lamba da ake kira SAI, ma'aunin ƙarfin aljihun iyali, wadda ke iya sauka ƙasa da sifiri har zuwa -1,500. Makaranta za ta ɗauki jimillar abin da karatu zai ci a shekara, ta cire wannan lambar, ta cire sauran tallafin da aka samu. Abin da ya rage shi ne buƙata, kuma a cikin wannan giɓin ake saka aiki da karatu. Wanda ba shi da giɓi ba zai samu ba.

Bayan buƙata sai matsayin zama. Dole ɗalibi ya kasance ɗan ƙasa, ko mai girin kad, ko yana cikin wasu 'yan rukunoni kamar wanda aka ba mafaka ko matsayin ɗan gudun hijira. Matsayin ɗalibin ake dubawa, ba na iyayensa ba. Yaron da aka haifa a nan yana da haƙƙinsa ko da iyayensa ba su da lambar Social Security. Sai dai tun daga takardar 2024 zuwa 2025, dole duk wanda aka nemi bayanansa, uba ko uwa, ya amince a ɗauko bayanan harajinsa daga hukumar IRS. In mutum ɗaya ya ƙi, yaron ya rasa tallafin tarayya gaba ɗaya. Ku masu tuƙi da kuke cike harajinku da kanku, ku tabbata kun cike a kan lokaci kuma daidai, domin takardar harajinka ita ce ginshiƙin tallafin 'yarka.

Samu a bana ba ya nufin samu baɗi. Sai an sake cike FAFSA, kuma da wuri, saboda makarantu da yawa suna da ranar da suke fifita waɗanda suka riga ta. Da sanyin safiya ake kama fara. Haka ma neman aikin kansa. Na tuna wata yarinya da ta zo mini a watan Nuwamba tana tambayar yaushe kuɗinta za su shigo. Tun Satumba aka gama ɗaukar masu aikin laburare da ɗakin kwamfuta, kuma ofishinmu ya riga ya fara karɓe kason waɗanda ba su kama aiki ba yana ba na jerin jira. Ba wanda ya gaya mata cewa nema ake yi. Na daɗe ina jin ciwon wannan, domin laifinmu ne da muka rubuta takarda ba mu yi bayani ba. Ka ce wa 'yarka ta shiga shafin ayyukan ɗalibai na makarantar tun kafin a fara darasi, ta nemi wuri uku ko huɗu, ta shirya takardun shaida na asali don cike I-9, takardar tabbatar da izinin aiki, da kuma W-4 ta haraji.

In abin shigarka ya ragu sosai tun bayan shekarar harajin da aka yi amfani da ita, misali ka yi jinya ko motar ta daina aiki, doka ta ba jami'in tallafi ikon ya sake duba lissafin idan kun kawo hujja a rubuce. Mutanenmu suna jin nauyin roƙo, su yi shiru. Wannan ba roƙo ba ne, hanya ce da doka ta tanada.

Maganar abokinka

Yana da gaskiya, amma ba duka ba. FAFSA tana duba abin da ɗalibi ya samu, sai dai akwai wani adadi da ake yafe masa. Ga ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa, adadin ya kasance dala 11,130 a takardar 2024 zuwa 2025, ya hau 11,510 a ta 2025 zuwa 2026. Abin da ya haura wannan, bayan an cire haraji, shi ne ake lissafa rabinsa a matsayin gudummawar ɗalibi. Yarinyar da ta samu dala 8,000 a shekara a shago ba abin da zai taɓa ta. Wadda ta samu 20,000 za ta iya jin sa a jikinta. Albashin aiki da karatu kuwa cire shi ake yi daga wannan lissafin ɗungurungum, kuma wannan yana cikin manyan amfaninsa.

Akwai wasu abubuwa biyu da abokin naka bai faɗa ba. FAFSA tana amfani da harajin shekara biyu baya, don haka abin da ta samu a 2025 sai a takardar 2027 zuwa 2028 zai bayyana, ba a ta shekarar da ke biye ba. Sannan in abin shigar iyaye bai wuce kashi 175 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba, ko kashi 225 ga gidan da mahaifi ɗaya ke riƙe da shi, ɗalibi yana samun cikakken Pell ne bisa abin shigar iyayen. Gidaje da yawa a unguwarku suna cikin wannan sahun. Inda za a yi hattara shi ne ajiya: kuɗin da ke asusun ɗalibi ranar da ya cike takardar ana lissafa kashi 20 cikin ɗari nasu, fiye da yadda ake lissafa na iyaye nesa ba kusa ba. Kada ka riƙa ajiye kuɗin adashinka a asusun yarinyar.

Albashin aiki da karatu ana biyan harajin shiga a kansa kamar kowane albashi, za ta karɓi W-2, takardar da ke nuna albashinta na shekarar da ta wuce, a farkon shekara. Amma ɗalibin da ke karatu aƙalla rabin lokaci kuma yana yi wa makarantarsa aiki, ba a cire masa kashi 7.65 na Social Security da Medicare. A shago za a cire. Kuma shiga shirin yana cikin abubuwan da ke buɗe wa ɗalibi hanyar neman tallafin abinci na SNAP, in ya cika sauran sharuɗɗa.

Ni dai a abin da na gani, ba wannan lissafin ne ke raba yaranmu da tallafi ba. Faɗuwa jarrabawa ce. Duk tallafin tarayya yana rataye ne da sharaɗin ci gaba a karatu: yawancin makarantu suna son matsakaicin maki, wato GPA, 2.0 zuwa sama, da cin kimanin kashi biyu cikin uku na darussan da aka yi rajista, da kuma gamawa kafin a wuce ninki ɗaya da rabi na tsawon karatun. Wani yaro da na sani yana aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya, awa talatin da biyar a mako, don ya taimaka da haya. Zango na farko ya janye daga darussa biyu, na biyu ya faɗi biyu. Pell ta tsaya, aiki da karatu ya tsaya, bashin ma ya tsaya. Mun taimaka masa ya ɗaukaka ƙara, aka dawo da shi bisa sharaɗi, amma shekara guda ta tafi. Ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Na san irin nauyin da ke kan magidanci a nan, ga haya, ga saƙon gida da ba ya yankewa. Duk da haka ina roƙonka, a shekararta ta farko kada aikinta duka ya wuce awa goma zuwa goma sha biyar a mako, kuma kada a ɗora mata wani kaso na hidimar gida da dole sai ta kawo duk wata.

Saboda wannan ne nake fifita aikin cikin makaranta ko da shago ya fi biya da dala ɗaya ko biyu. Ba a yarda ɗalibi ya yi aikin shirin a lokacin da yake da darasi ba, don haka mai kula da ita dole ya tsara awanninta bisa jadawalinta. Makon jarrabawa za a rage mata. In ta nemi a bar mata lokacin sallar Juma'a, ko a sauya mata awannin yamma a watan azumi, magana ce mai sauƙi da wanda ya saba da ɗalibai. Ba ta ɓata awa biyu a jirgi tsakanin aji da wurin aiki. Kuma malamin da ta yi wa aiki a ɗakin gwaje-gwaje shi ne zai rubuta mata takardar shaida ranar da take neman karatun gaba. Ta nemi aikin da ya dangance abin da take karantawa in akwai. Doka ta kuma wajabta wa makarantu su kashe aƙalla kashi 7 cikin ɗari na kuɗin a ayyukan hidimar al'umma, kamar koya wa yaran firamare karatu, wanda ake iya yi a wajen makaranta. Wasu sukan tambaye ni ko za a iya yi a masallacin unguwa. Ba a biyan aikin kula da wurin ibada da kuɗin shirin, haka ma aikin jam'iyyar siyasa.

Ɗan ƙanenka

A nan nake so ka saurare ni da kyau, Malam, domin kuskuren 'yarka kuɗi zai ci, nasa kuwa zamansa zai ci.

Mai bizar ɗalibi, wato F-1, ba ya cikin waɗanda suka cancanci tallafin tarayya, saboda an ba shi bizar ne bisa shaidar cewa yana da abin da zai riƙe kansa, kamar yadda aka rubuta a I-20 ɗinsa, takardar da makaranta ta ba shi don neman biza. Don haka Federal Work-Study ba nasa ba ne. Amma wannan ba ya nufin an hana shi aiki. Doka ta ba shi damar aiki a cikin makarantarsa har awa 20 a mako lokacin karatu, da cikakken lokaci a hutu, tun daga zangonsa na farko. Abin da zai nema shi ne aikin da makaranta ke biya da kuɗinta. Dalilin da ya sa yake ta cin karo da sanarwar da ke cewa sai mai aiki da karatu shi ne lissafin nan na kashi 75: sashen da zai biya kwata kawai ba zai so ya biya duka ba. Inda aka fi ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje su ne ɗakin cin abinci, da kantin littattafai, da wurin motsa jiki, da ofishin gyaran kwamfuta, da koyar da 'yan'uwa ɗalibai lissafi ko kimiyya. In digiri na biyu yake yi, ya nemi zama mataimakin malami ko na bincike, wanda sau da yawa yakan zo da ragin kuɗin makaranta. Da ya samu takardar ɗauka aiki, da ita da wasiƙar ofishin ɗaliban ƙasashen waje zai nemi lambar Social Security. Awa 20 ɗin nan jimilla ce ta duk ayyukansa, ba kowane aiki da nasa ba.

Kai abinci a keke, tuƙin tasi, tsaron shagon ɗan'uwa ana ba shi tsabar kuɗi a hannu, duk aiki ne ba bisa izini ba. Yin sa da asusun wani a manhaja ba ya halatta shi, ƙara masa laifi yake yi. In makaranta ta sani, dole ta rufe rajistarsa a SEVIS, kundin gwamnati na ɗaliban ƙasashen waje, kuma hanyar da ake bi a dawo wa ɗalibi da matsayinsa a cikin ƙasar ba ta buɗe ga wanda ya yi aiki ba izini. Ko ba a kama shi yanzu ba, maganar tana iya tasowa ranar da yake neman izinin aiki bayan kammalawa ko girin kad. Na san za a ce masa wane da wane sun yi ba abin da ya same su. Na zauna da wanda abin ya samu, saura zango biyu ya gama.

Akwai hanyoyin halal na aiki a waje, yawanci bayan ya cika shekarar karatu guda. CPT aikin koyon sana'a ne da ke cikin tsarin karatunsa, jami'in makaranta ne ke rubuta izinin a I-20 kafin ya fara. OPT izinin aiki ne a fannin da ya karanta, na wata 12, da ƙarin wata 24 ga masu kimiyya da fasaha da injiniya da lissafi, sai dai wanda ya yi CPT na cikakken lokaci har wata 12 ya rasa OPT. Sai ta uku, wadda nake ganin ta fi kusa da halin da yake ciki: izinin aiki saboda matsanancin ƙuncin da ba a zata ba. Ƙa'idar ta ambaci babban sauyi a darajar kuɗin ƙasa a cikin dalilan da ake karɓa, kuma duk wanda ke turo kuɗin makaranta daga Najeriya ya san abin da ya faru da naira, daga kusan 460 a dala a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Ana nema ne a wurin hukumar shige da fice ta USCIS da takardar I-765, bisa shawarar jami'in makaranta, ana biyan kuɗin nema, kuma ba ya fara aiki sai katin ya iso hannunsa. Dole ya nuna cewa ƙuncin ya same shi ne bayan ya samu bizar, kuma aikin cikin makaranta bai samu ba ko bai wadatar ba.

Abin da na faɗa maka ƙa'idojin tarayya ne da kuma abin da na gani a wurin aikina. Adadin kuɗaɗen suna sauyawa duk shekara, kowace makaranta kuma da nata tsarin rabon da ranakun rufewa, don haka takardar 'yarka a ofishin tallafin makarantarta za a warware ta layi bayan layi. Ku je tare, ku tambaye su ranar ƙarshe ta kama aiki kafin a karɓe kason, da kuma abin da zai faru in ta cinye 3,000 ɗin kafin shekara ta ƙare, domin wasu sassan sukan ci gaba da biya daga aljihunsu, wasu kuma nan take aikin ke tsayawa. Shi kuma yaron, kafin ya karɓi ko dala ɗaya daga hannun kowa a kan wani aiki, ya fara zama da jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ya tafi da I-20 ɗinsa da shaidar abin da ya sauya a wurin mai ɗaukar nauyinsa a Kano, ya kuma tambaye su ko makarantar tana da asusun agajin gaggawa ko tsarin biyan kuɗi kashi-kashi.